Sinuka a Waya da Kwamfuta: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Wata Juma'a da la'asar ƙanena ya miƙo mini wayarsa rai a ɓace, ya ce, "Yaya, duba mini wannan gem ɗin, ramukansa ba sa cin ƙwallo." Ya ƙona data wajen sauke shi, ya buga kamar minti ashirin bai haɗa maki goma a jere ba, har ya kai yatsa zai goge. Na karɓa na nemi wata jar ƙwallo da ke kwance kusa da bangon tebur, na tura ta a hankali, ta gangara ta faɗa rami. Da na samu irinta kuma sai na zabga mata sanda da ƙarfi kamar yadda na ga yana yi. Ta daki leɓen ramin, ta yi rawa tsakanin leɓɓan biyu, ta fito ta tsaya a fili. Na ce masa, abin da ya ɓata maka rai shi ne babbar shaidar cewa gem ɗin nan mai kyau ne, domin haka teburin gaske yake yi.

Na daɗe ina buga sinuka a kwamfuta da waya, kuma na lura cewa yawancin ƙorafin da ake yi kan waɗannan wasanni daga wuri ɗaya yake fitowa: ido yana kan ƙwallon da ake son jefawa rami, an manta da farar ƙwallo. Alhali fara ita ce wasan. Da ita ake gane gem mai inganci, da ita kuma ake gane wanda ya iya.

Sinukar unguwa daban, sinuka daban

Teburin nan da ake kafawa a bakin titi ko a shagon unguwa, wanda kowa ke kira sinuka, a gaskiya wasan pul ne. Ƙwallayensa 15 ne masu lamba, bakwai masu zane, bakwai marasa zane, da baƙa mai lamba 8, sai fara. Teburinsa ƙafa 7 ne zuwa 9, ramukansa masu faɗin baki. Shahararren gem ɗin waya na 8 Ball Pool, na kamfanin Miniclip, shi ma pul ne.

Sinuka kuwa, wadda hafsoshin sojan Birtaniya suka ƙirƙiro a Indiya wajen 1875, teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, ƙafa 6 a faɗi. Ƙwallaye 22 ne a kai: jajaye 15, masu launi 6, da fara. Ja maki 1 ce, rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ƙwallayen sun fi na pul ƙanƙanta, ramukan sun fi matsewa, kuma leɓɓansu a lanƙwashe suke, ba a yanke su da kusurwa kamar na pul ba. Wannan lanƙwasar ce ke tofar da duk ƙwallon da ta zo da gudu ba ta saitu sosai ba. Wanda ya shigo da hannun pul zai sha wuya a makon farko. Ba laifin gem ba ne, sai dai ya yarda cewa sabon wasa ya shigo, ya fara koyo daga tushe.

Kyan hoto ba shi ne inganci ba

Kuskure na biyu tun a wajen zaɓe ake yin sa. Mutum ya ga ƙyallin ƙwallaye, ga 'yan kallo suna tafi, ga ɗan wasa sanye da falmaran, sai ya ce wannan shi ne gem. Ni ba na raina hoto mai kyau. Snooker 19, wanda Lab42 suka haɗa, Ripstone suka fitar a 2019, ya zo da ƙwararrun 'yan wasa 128 da sunayensu na gaskiya, da dandalin Crucible na birnin Sheffield inda ake gasar duniya tun 1977, da muryar Neal Foulds da David Hendon suna sharhi. Akwai daɗi ka ga kanka a wannan dandali. Amma bayan kwana uku idonka ya saba, kunnenka ya haddace sharhin, abin da zai rage maka shi ne yadda ƙwallo ke tafiya a kan ƙyalle.

A 1991 Archer Maclean ya fitar da Jimmy White's Whirlwind Snooker a kan kwamfutocin Amiga da Atari ST. Idan ka kalli hotonsa yau, ɗanye ne ƙwarai. Duk da haka masu sinuka a Ingila har yanzu suna ambatonsa da girmamawa, saboda mutumin ya zauna ya yi lissafin karon ƙwallo da juyinta da dawowarta daga bango yadda ya kamata. Lissafin nan shi ake nema, kuma ana iya gwada shi cikin minti biyar kafin a ɓata lokaci ko kuɗi.

Shiga wajen atisaye. Jera fara da ja a miƙe, tazarar kamar kamu biyu, ka bugi fara ɗan ƙasa da cibiyarta da matsakaicin ƙarfi. Ya kamata ta tsaya cak a inda ta daki ja. Sai ka sauko da kan sanda can ƙasa ka sake bugawa: ya kamata ta dawo baya. Yanzu nisanta su, fara a wannan ƙarshen tebur, ja a wancan, ka maimaita bugun da ƙarfi iri ɗaya. A gem mai gaskiya fara ba za ta dawo kamar ɗazu ba, domin ƙyallen ya cinye juyin bayan tun a hanya. Tana iya tsayawa, tana ma iya bin ja gaba. Idan ka ga ta dawo tsaf kamar an ɗaura mata zare komai nisa, masu gem ɗin ba su yi aikinsu ba. Gwaji na ƙarshe shi ne wanda na nuna wa ƙanena: ƙwallon da ke jikin bango, a buga ta da ƙarfi. Ramin da ke haɗiye komai ba ramin sinuka ba ne.

Layin saiti

Kusan kowane gem yana zana maka layi daga fara zuwa ƙwallon da ka nufa, daga nan zuwa inda za ta bi, wani lokaci har da inda fara za ta je ta tsaya. Ga sabon shiga wannan alheri ne. Matsalar ita ce mutum ya shekara yana bugawa layin nan na nan da tsawonsa. Irin wannan ba kusurwa yake koya ba, jan zare yake yi har bakinsa ya taɓa rami. Ranar da ya shiga gasar intanet da aka rage layin, sai ka ga kamar bai taɓa riƙe sanda ba.

Akwai kuma masu yin akasin haka don nuna bajinta: su kashe layin gaba ɗaya ranar farko, su yi ta ɓarar da ƙwallo, su gaji su bar wasan. A tebur na gaske kana da ido biyu da jiki da ke gaya maka nisa. A gilashin waya ba ka da wannan, don haka ɗan taimako ba abin kunya ba ne. Abin da ya yi mini aiki shi ne ragewa mataki-mataki. Na fara cire layin da ke nuna inda fara za ta tsaya, na bar na ƙwallon da ake nufi. Da na ga ina haɗa maki 30 a hawa ɗaya, wato a jere ban ɓarar ba, ba da wahala ba, na gajarta shi ma. Kuma kafin in dubi layin, nakan fara cankar inda zai nuna, sannan in duba in ga ko na dace. Wannan cankar ita ce karatun.

Wasu wasannin waya suna sayar da sanduna masu ƙara tsawon layi ko ƙarfin juyi. A ganina duk gem ɗin da aljihu ke ƙara wa mutum saiti ya rage wa kansa daraja, kuma ba na ba kowa shawarar ya zuba kuɗinsa a nan.

Ƙarfi

Wannan gajere ne amma shi ya fi kashe mutane. Ma'aunin ƙarfi yana kaiwa ɗari, sai hannu ya riƙa jin kamar dole a kusanci ɗarin. Mafi yawan bugun da ake yi a kewayen baƙa da ruwan hoda bai kai rabin ma'aunin ba. Ƙarfi yana matse rami, yana kuma kai fara inda ba ka aike ta ba. Ka ɗauki mako guda ka hana kanka wuce rabi sai in dole, za ka ga bambanci tun kafin makon ya ƙare.

Ina fara za ta tsaya?

Nan ne zan daɗe, domin nan ne wasan yake.

Dokar sinuka ita ce ja, sai mai launi, sai ja, sai mai launi. Mai launi ana dawo da ita mazauninta duk lokacin da ta faɗa, har sai jajaye sun ƙare, sannan a cinye masu launi a jere daga rawaya zuwa baƙa. Idan ka haɗa kowace ja da baƙa, 15 sau 8 ya ba ka 120, ka ƙara 27 na masu launi, ya zama 147, wato maƙurar abin da ake samu a hawa ɗaya idan ba a yi wani laifi ba. Ronnie O'Sullivan ya yi wannan a gasar duniya ta 1997 cikin minti 5 da daƙiƙa 8. Duk wanda ya kalli bidiyon da idon koyo zai lura da wani abu: kusan babu bugu mai wuya a ciki. Ba don ƙwallayen sun zo masa da sauƙi ba, sai don kowane bugu yana ajiye masa fara a inda na gaba zai zama mai sauƙi. Sabon ɗan wasa yana alfahari da ƙwallo mai wuya da ya ci. Gwani yana jin haushin kansa idan ya bari ta zama mai wuya.

Abu biyu za ka riƙe, kuma duk gem mai lissafin kirki yana bin su. Na farko, idan fara ta isa jikin ƙwallo tana zamewa, ba ta juyawa gaba ba ta juyawa baya, to bayan karo hanyarta da hanyar ƙwallon da ta buga za su rabu a kusurwar digiri 90, kamar kusurwar ɗaki. Na biyu, idan fara ta iso tana gangarawa da kanta, ta daki kamar rabin ƙwallon, za ta kauce daga hanyarta ta asali da kusan digiri 30. Bugun sama yana tura ta gaba da layin kusurwar ɗakin nan, bugun ƙasa yana janyo ta bayansa. Da wannan kaɗai za ka san ko fara za ta faɗa rami, ko za ta shiga cikin tarin jajaye, tun kafin ka saki sanda.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne son miƙaƙƙen bugu. Mutum ya yi ta ƙoƙarin tsayar da fara daidai saitin baƙa da rami, a miƙe sak, don ya fi sauƙin ci. Ya ci baƙar, to sai me? Fara ba ta da inda za ta je sai gaba ko baya a kan layi ɗaya. Ɗan karkata ake nema. Idan fara ta tsaya da 'yar kusurwa a kan baƙa, kana iya bi da ita ta bangon sama, wanda ke bayan baƙa, ta fito wajen ja ta gaba, ko ka aika ta cikin tarin jajaye ta watsa su. Kuma kada ka jira sai jajayen da ke warwatse sun ƙare kafin ka tuna da tarin. Fasa shi tun kana da ja ɗaya ko biyu a fili da za su cece ka idan fashin bai yi kyau ba.

Sai kwaɗayin baƙa. Maki 7 yana da daɗi, amma idan fara ta gangaro tsakiyar tebur, shuɗiya tana nan a cibiya, ramukan tsakiya biyu suna jiran ta, kuma daga kanta ana komawa wajen jajaye cikin sauƙi. Maki 5 da ci gaba da wasa ya fi 7 da ba ta shiga ba. Ni dai ƙa'idata kafin kowane bugu ita ce in san ƙwallo biyu masu zuwa: wadda zan ci yanzu, wadda ke bin ta, da ɓangaren da nake son fara ta tsaya a kan ta biyun don in samu ta uku.

Game da bugun gefe, wato dukan fara a dama ko hagu da cibiyarta, shawarata ga sabon shiga ita ce ya bar shi tukuna. Amfaninsa na gaskiya yana fitowa ne bayan fara ta taɓa bango, inda yake buɗe kusurwar dawowarta ko ya matse ta. Kafin nan kuwa yana ɗan ture fara daga layin da ka saita, kuma gem mai kyau yana lissafa wannan turewar. Mutane da yawa suna murɗa gefe a kowane bugu don sun ga ƙwararru na yi, ƙwallo ta ƙi shiga, su ce saitin gem ɗin ya lalace. Sama da ƙasa da ƙarfin da ya dace sun ishe ka kai wa maki 50.

Ba kowace ƙwallo ake nema a ci ba

Bugun farko ma a nan ake ɓata shi. Ɗan pul ya saba ya fasa tari da iya ƙarfinsa. A sinuka wannan kyauta ce ka miƙa wa abokin karawa. Ana ajiye fara a cikin rabin da'irar nan ta ƙasan tebur, tsakanin ruwan ƙasa da rawaya ko tsakanin ruwan ƙasa da koriya, a shafi jar da ke can ƙarshen layin baya na tarin, fara ta zaga ta bangaye ta dawo ƙasan tebur, in an yi sa'a ta ɓuya a bayan ɗaya daga cikin masu launi masu ƙaramin maki. Wannan yana cikin wurare kaɗan da ɗan bugun gefe ke da amfani tun da wuri.

Sunan wasan kansa, a tebur, ɓoye fara yake nufi: ka bar abokin karawarka ba ya ganin ƙwallon da doka ta ce ya buga. Mark Selby ya ɗauki kofin duniya sau huɗu, a 2014 da 2016 da 2017 da 2021, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne haƙurin wasan tsaro, ya matse mutum har ya yi kuskure. Idan ka ga ƙwallon da a cikin gwaji goma ba za ka ci biyar ba, tambayi kanka abin da za ka bari a tebur in ta ƙi. Sau da yawa amsar ita ce ka shafi ja a hankali ka mayar da fara jikin bangon ƙasa.

Wannan ya fi muhimmanci idan da kwamfuta kake karawa. Ƙorafin da aka saba ji shi ne kwamfuta ba ta kuskure, ka ɓarar da ƙwallo ɗaya ta share tebur kana kallo. Wani lokaci ƙorafin gaskiya ne; akwai wasannin da ba su iya kwaikwayon kuskuren ɗan Adam ba, ko dai abokin karawar ya ci komai, ko ya zubar da ƙwallon da yaro ma zai ci. Amma kafin ka yanke hukunci, duba matakin wuyar da ka zaɓa, sannan ka duba abin da kake bar mata. Wanda ya ɗauki matakin ƙwararru ya bar ja a bakin rami, abin da zai same shi a hannun ƙwararren gaske ne ya same shi.

Ka kuma riƙa lissafi. Abin da ya rage a tebur shi ne yawan jajaye sau 8, a ƙara 27. Idan jajaye uku suka rage, maki 51 ke nan. In kana gaba da fiye da haka, ba ka da dalilin yin kasada. In kai ne a baya da fiye da haka, cin ƙwallo kaɗai ba zai fisshe ka ba, sai ka ɓoye fara ka tilasta masa yin laifi.

Dokokin da ake ɗauka matsalar gem ce

Sau da yawa na ji an ce gem ya haukace, alhali doka ya bi. Kowane laifi aƙalla maki 4 ne ga abokin karawa, yana kuma hawa har 7 gwargwadon darajar ƙwallon da abin ya shafa. Idan ka kasa taɓa ƙwallon da ya kamata, alƙali ya ga ba ka yi iya ƙoƙarinka ba, abokin karawarka yana da damar a mayar da ƙwallaye inda suke ka sake bugawa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga tebur ya koma yadda yake, ana ta cire maka maki. Idan ma kana ganin ƙwallon sarai ka kuskure ta sau uku a jere, zagayen gaba ɗaya ka rasa. Haka nan idan aka yi maka laifi aka bar fara a ɓoye, gem zai ba ka damar zaɓar kowace ƙwallo ta tsaya a madadin wadda ba ka gani. In ja ce ake bi, maki 1 za a ba ka ko da baƙa ka jefa, a dawo da ita mazauninta, sannan ka nemi mai launi. Mutane suna danna wucewa a kan wannan saƙo ba su karanta ba, su yi asarar dama mai tsada.

Ido da hannu

Kada ka tsaya a kallo ɗaya. Kallon sama, wanda ke nuna tebur kamar taswira, shi ne na tsara inda fara za ta bi. Kallon ƙasa, ta bayan sanda, shi ne na saiti. Tsara daga sama, sauko ka saita, sannan ka buga. A waya, yatsa yana da kauri kuma tebur mai ƙafa 12 an matse shi a tafin hannu, don haka nemi ɗan maɓallin gyaran saiti a hankali, kusan kowane gem yana da shi a gefe. Goge gilashin ma, domin maiƙo da gumi suna sa yatsa ya yi tsalle daidai lokacin jan sanda. A PlayStation ko Xbox, shiga saituna ka rage saurin juyawar sandar hannun gem ɗin. A kwamfuta kuwa, jerin Virtual Pool da ya faro a 1995 ya kawo salon da har yau ban ga wanda ya fi shi kama da gaskiya ba: ka ja linzamin kwamfuta baya ka tura shi gaba, saurin hannunka shi ne ƙarfin bugun.

Idan sabis yana rawa, kada ka shiga karawar intanet mai agogo, lokacinka zai ƙare kana jiran hoto ya motsa. Irin wannan ranar ta atisaye ce. Jera jajaye a layi ɗaya a tsakiyar tebur, daga wajen shuɗiya zuwa bayan baƙa, masu launi kowace a mazauninta, ka ajiye fara inda kake so, ka fara: ja, mai launi, ja, mai launi. Duk inda ka ɓarar, rubuta makin ka sake jerawa. Ƙanena da wannan ya fara a wayar da ya so ya goge gem ɗin daga cikinta. Makon farko bai wuce 16 ba. A mako na uku ya turo mini hoton gilashinsa da daddare, 43 a hawa ɗaya, kuma biyar daga cikin masu launin da ya ci shuɗiya ce.